Shehu Abdullahi Ɗan Fodiyo Mai Gwandu (R.A): Rayuwarsa da Ƙaunarsa ga Waƙa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam magana, kuma Ya hore wa waɗanda Ya so daga cikin bayinSa fasahar tsara ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan al'ummarsa baki ɗaya, musamman Sarkin waliyyai Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa halartar Maukibi ya san cewa bayan kalmar zikiri babu abin da kunne ya fi ji kamar ƙasidu. Zawiyya bayan zawiyya, makaranta bayan makaranta, manya da yara, kowa da baitukan da yake rerawa. Akwai masu kallon wannan a matsayin aikin waɗanda ba su yi nisa a karatu ba, suna ganin cewa malami idan ya ƙasaita sai ya bar waƙa ga almajirai. Tarihin magabatan Ƙadiriyya na wannan ƙasa bai goyi bayan wannan zato ba, kuma babu wanda rayuwarsa ta fi bayyana haka kamar Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda ya rubuta babban tafsiri, ya jagoranci rundunoni, ya riƙe rabin daula, amma tun yana ɗan saurayi har ya koma ga Ubangijinsa bai ajiye waƙa ba.

Nasabarsa da tasowarsa

Shi ne Abdullahi ɗan Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, wato malami masani a harshen Fulatanci. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u 'yar Muhammadu. Zuriyarsu ta Toronkawa ce, daga tsatson Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni. An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira (1766), Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi a hannun yayansa.

Malam Abdullahi da kansa ya bar bayanin karatunsa a cikin ɗan littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke. Abin lura a wannan jeri shi ne abin da ya fara ambata cikin karatunsa a wurin Shehu: Ishiriniya, da Witiriyya, da waƙoƙin mawaƙa shida. Bayan su ne ya kawo littattafan tauhidi na Imamu Sanusi, da Ajurumiyya da sauran littattafan nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala, da tasawwufi, da tafsirin Alƙur'ani daga Fatiha har ƙarshe.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan waɗannan uku na farko, domin su ne suka gina harshensa. Ishiriniya ta Shehu Alfazazi ce, mutumin Andalus wanda ya rasu a 627 (1230), yabon Annabi (S.A.W) ce da aka tsara bisa haruffan Larabci, kowane harafi da baiti ashirin. Witiriyya ita ma yabo ce a kan wannan tsari na haruffa. Su kuwa mawaƙa shida, wato Imru'ul Ƙaisi, da Nabiga, da Alƙama, da Zuhairu, da Ɗarafa, da Antara, mutanen Jahiliyya ne, waƙoƙinsu cike suke da kufai da raƙuma da dawakai da takubba. Malaman ƙasar nan suna karantar da su ne saboda luga, domin wanda bai san Larabcin da Alƙur'ani ya sauka ya tarar ba, ba zai iya ɗanɗanar balagarsa ba. To yaron da ya haɗa waɗannan biyu a ƙirjinsa, begen Annabi daga Alfazazi da ƙarfin lafazi daga mutanen Jahiliyya, shi ne daga baya ya zamo mawaƙin jama'ar Shehu. Duk wanda ya karanta ƙasidunsa zai ga sawun makarantun nan biyu a fili. Yakan buɗe ƙasida da tsayawa a kufan masoya, kamar yadda Larabawan farko suke yi, amma masoyan nasa malamai ne da abokan karatu, kufan kuwa makarantun da suka watse.

Ya yi karatu a wurin malamai da yawa cikin danginsa da wajensu. A 1201 (1786) shi da Shehu sun saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya kuma zauna a gaban babban malamin nan Malam Jibrila ɗan Umar, wanda shi ma malamin Shehu ne. Dukkan su biyun ya yi musu ƙasidar yabo, kuma ta Malam Jibrila, wadda amsa-amonta harafin jimun ne, tana cikin waɗanda masana suka fi jinjina wa, saboda jimun harafi ne mai wuyar sha'ani ga mawaƙi, ba kowa yake iya jan doguwar ƙasida a kansa ba tare da ya yi ƙaƙale ba. Haka ɗabi'arsa take: idan ya amfana da malami, tukwicinsa baitoci ne.

Tahamisin farko

Shehu Usmanu yana da shekara ashirin ya yi shahararriyar ƙasidarsa ta Larabci mai amsa-amon dalun, wadda a cikinta yake begen tafiya Madina ziyarar Manzon Allah (S.A.W). Malam Abdullahi bai cika shekara ashirin ba ya yi mata tahamisi. Tahamisi shi ne mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya sanya masa ɗango uku nasa a gaba, su zama biyar, bisa sharaɗin kari ya zama ɗaya, amsa-amon sababbin ɗangogin ya dace da na ɗangon farko na mai asali, ma'ana kuma ta gangara ta shiga cikin baitin asali ba tare da an ga wurin ɗinki ba. Aiki ne da yake buƙatar mutum ya haddace waƙar, ya daɗe yana maimaita ta, har ya san inda mai ita yake numfasawa. Ga ma'abota ɗariƙa tahamisi yana da wata ma'ana bayan fasaha, domin almajiri ne yake ajiye maganarsa a ƙarƙashin maganar shehinsa, ya fara, shehin ya rufe. Da wannan tahamisi Malam Abdullahi ya buɗe diwaninsa shekaru da yawa bayan haka. Begen Madinan nan da ya shiga zuciyarsa ta hanyar waƙar yayansa bai sake shi ba, kuma zai taso masa da ƙarfi a wani mawuyacin lokaci da za a ambata nan gaba.

Harshen jama'a

Lokacin da Shehu ya fita rangadin wa'azi a ƙasar Zamfara, inda ya yi kimanin shekara biyar, Malam Abdullahi yana tare da shi. A wani wuri da ake kira Daura wani malami mutumin Barno mai suna Mustafa Gwani ya tare su da baitoci. Ya fara da gaisuwa mai daɗi, sannan ya yi wa Shehu nasiha da ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa, saboda cuɗanyar maza da mata abin zargi ce. Shehu ya dubi ƙaninsa ya nuna masa cewa shi ya fi cancanta ya ba da amsa. Malam Abdullahi, yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ya mayar da jawabi a kan karin waƙar Gwanin da amsa-amonta. Ya karɓi nasihar da ladabi, ya kore zargin cuɗanya, ya bayyana cewa su ma masu hani ne gare ta, sannan ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi muni, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka a kauce wa babbar. Mas'ala ce ta usulu, amma a cikin 'yan baitoci ya warware ta. Albarkar wannan matsayi ta bayyana daga baya a gidan Shehu kansa, inda aka sami irin su Nana Asma'u.

Tun daga nan ya zama shi ne harshen jama'a. Yana wurin a Magami a Babbar Sallar 1202 (1788), ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a ba shi izinin kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama ma'abota rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Akwai wani abu da ya dami Malam Abdullahi a waɗannan shekaru. Mutane suna ta shigowa cikin jama'ar Shehu daga nesa, amma da yawa daga malaman danginsu sun ja jiki sun zuba ido. Bai je ya yi musu jayayya a zaure ba. Ya tsara musu ƙasida ta nasiha mai amsa-amon ha'un, ya aika musu. Wanda ta fara isa hannunsa shi ne Malam Mustafa ɗan Alhaji Usmanu. Ya karanta wa mutane ita, ya umarce su da biyayya, ya yi mata tahamisi, Malam Zaidu Al'asari kuma ya yi mata sharhi. Daga nan malaman dangi suka juyo suka rungumi kiran. A wancan zamani babu gidan rediyo babu maɗaba'a, waƙa ita ce take tafiya da ƙafar matafiyi, a haddace ta a wannan gari a rera ta a wancan. Wasiƙar zube tana iya ɓacewa ko ta tsaya a jakar mutum ɗaya, amma baiti idan ya shiga bakin almajirai ya fi ƙarfin a tsare shi.

Ƙasidar Ƙadiriyya

Abin da ya fi shafar 'yan'uwa a tarihin wannan bawan Allah shi ne hidimarsa ga ƙasidar Shehu da ake kira Ƙadiriyya. Shehu Usmanu Baƙadire ne, haka ƙaninsa, haka 'ya'yansa, har jama'arsa ta shahara da sunan Ƙadirawa. Sananne ne cewa yana da shekara arba'in da 'yan watanni aka yi masa buɗi, ya ga Manzon Allah (S.A.W) tare da Sidi Abdulƙadir, aka rataya masa takobin gaskiya. Da al'amura suka fara tsanani tsakanin jama'a da sarakunan Gobir, Shehu ya tsara ƙasida da Fulatanci yana roƙon Allah Ya nuna masa ɗaukakar Musulunci a ƙasashen Sudan, yana tawassuli da Sidi Abdulƙadir a ƙarshen baitocinta. Malam Abdullahi ne ya mayar da ita Larabci, waƙa zuwa waƙa, ya kuma adana ta a cikin diwaninsa. Ta wannan hanya addu'ar da aka yi a Ɗagel da harshen gida ta isa ga malaman da ba su jin Fulatanci, a ƙasar Hausa da wajenta. Wanda yake son ya san matsayin tawassuli da waliyyai a wurin shugabannin jihadi, to ga shi a rubuce da alƙalamin mutumin da Shehu da kansa ya yi wa shaidar tsayawa a kan zahirin Shari'a.

Shekarun yaƙi

A watan Zulƙida na 1218 (Fabrairu 1804) aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne ya zama wazirinsa. A watan Rabi'ul Awwal na 1219 (Yuni 1804) ya jagoranci jama'a a Tafkin Kwatto, inda Allah Ya ba su nasara a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa duk da ƙarancinsu da ƙarancin dawakansu. Ya yi ƙasidu a kan wannan rana, na godiya ga Allah da bayanin yadda aka kara, kuma a cikinsu ne tasirin Antara da 'yan'uwansa ya fi fitowa. A harin farko da aka kai Alƙalawa an harbe shi da kibiya. A Tsuntsuwa jama'a ta yi babban rashi, aka yi shahidai kimanin dubu biyu, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. A 1805 ya ci Birnin Kebbi, jama'a ta koma Gwandu da zama. A ƙarshen wannan shekara aka yi karon Alwasa, inda aka sake yin rashi mai yawa, bayan wasu daga cikin mayaƙa sun saɓa wa shugabanninsu sun kwashi dukiyar mutanen da ke da amana.

Waƙoƙinsa na wannan lokaci ba na murnar nasara kawai ba ne. Mutanen da suka kwanta a Tsuntsuwa da Alwasa abokan karatunsa ne, waɗanda suka yi shekaru suna bitar littattafai tare, suna musayar baitoci. Ya yi musu marsiyyoyi yana ambaton su da sunayensu da halayensu. Ba don waɗannan baitoci ba, da sunayen da yawa daga cikinsu sun bi iska.

Fitarsa zuwa gabas

A shekara ta huɗu bayan hijira, wato wajen 1807, runduna ta fita za ta Alƙalawa. Malam Abdullahi yana cikinta, amma zuciyarsa ta riga ta yi nauyi. Ya duba ya ga mafi yawan waɗanda aka fara tafiyar nan da su don Allah sun riga mu gidan gaskiya, ya ga waɗanda suka maye gurbinsu hankalinsu ya karkata ga mulkin garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakan hawan ƙawa, da cin ganima ba bisa ƙa'ida ba, da karɓar rashawa. Bai keɓe kansa daga zargin ba, ya ga shi ma abin yana neman shafarsa. Sai ya yanke shawarar barin ƙasa da iyali da muƙami, ya nufi gabas zuwa ga Manzon Allah (S.A.W). Ya bar rundunar tare da mutum biyar daga abokansa. Suka kwana uku a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

A kan wannan tafiya ya yi ƙasidarsa mai amsa-amon ba'un, wadda da yawa suke ganin ita ce mafi tsada cikin duk abin da ya bari. Ka ga mutum na biyu a daula, wanda da takobinsa aka ci garuruwa, yana tafe cikin jeji yana tsara baitocin da suke tuhumar nasarar da shi kansa ya jagoranta. Da ya ga dama da ya bar wannan ƙasida ta ɓace bayan ya dawo, domin ba ta yi wa kowa daɗi ba, amma ya sanya ta a diwaninsa tare da bayanin dalilinta. Mawaƙan fada suna da yawa a kowane zamani, masu irin wannan gaskiya kuwa ƙalilan ne.

Allah bai ƙaddara masa isa Madina ba. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsayar da hukunci. Ya nuna musu cewa abin da ya gani a tare da su shi ne abin da ya guda, amma suka nace. Sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, suka tuba suka gyara, har aka mayar da kurtun tambura akushin harawar dawakai. Daga nan ya koma wurin Shehu. Don haka birnin Kano yana da rabo na musamman a cikin tarihinsa, domin a nan tafiyar bege ta tsaya, ta koma karantarwa.

Gaskiya a faɗe ta, Malam Abdullahi mai tsanani ne a kan mas'alar kayan kaɗe-kaɗe, da laƙubban sarauta, da tufafin ado ga shugabanni, kuma ra'ayinsa a kan waɗannan ya fi na Shehu ƙunci. Kowannensu ya yi rubutu yana kafa hujjarsa. Wannan saɓani bai taɓa zumuncinsu ba. A cikin Najmul Ikhwan Shehu ya yi wa jama'a wasiyya da su lazimci karanta littattafan ƙaninsa, saboda shi mai kula ne da kiyaye zahirin Shari'a, kamar yadda ya yi musu wasiyya da littattafan ɗansa Muhammadu Bello a fannin siyasar al'umma.

Tazyinul Waraƙat

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Malam Abdullahi ya jagoranci yaƙe-yaƙe a yamma har ya ƙetare kogin Kwara zuwa ƙasar Gurma, kuma ƙetarewar ma sai da ya yi mata waƙa. Da Shehu ya koma Sifawa, shi ya zauna a Boɗinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello.

A 1228 (1813) ya zauna ya tattara wani sashe na waƙoƙinsa na Larabci a littafin da ya kira Tazyinul Waraƙat. Sunan da kansa yana nuna cewa wasu ne daga baitocinsa ya tara, ba dukkansu ba. Tsarin littafin abin sha'awa ne: kafin kowace ƙasida yakan kawo taƙaitaccen bayani na abin da ya jawo ta, wace shekara ce, ina ake, wa ya rasu, wa ya ci nasara. Da haka diwanin ya zama tarihin jama'a tun daga farkon wa'azi har zuwa kafuwar daula, kuma har yau yana cikin manyan madogarar masu nazarin jihadi. An buga shi tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. Wani yakan rubuta tarihi ya ƙawata shi da waƙa, shi kuwa waƙoƙinsa ya jera, tarihin ya biyo bayansu.

Ilimi a cikin baiti

Bai taƙaita waƙa ga yabo da marsiyya da labarin yaƙi ba. Ya san cewa ɗalibin ƙasar nan littafi yana yi masa wuyar samu, takarda tana da tsada, abin da ya haddace shi ne nasa. Saboda haka ya ɗauki manyan fannoni ya zuba su cikin nazamu. A nahawu ya yi Albahrul Muhiɗ, wanda baitocinsa suka haura dubu huɗu. A sarfu ya yi Alhisnur Rasin mai kimanin baiti dubu. A ilimin Alƙur'ani ya yi Miftahut Tafsir, inda ya waƙe abin da Imamu Suyuɗi ya tattara a wannan fanni. Ya yi irin wannan a usulul fiƙhi da ilimin hadisi. Duk wanda ya taɓa gwada sanya ƙa'idar nahawu guda ɗaya a cikin baiti ba tare da ya karya kari ko ya tauye ma'ana ba, shi zai san nauyin baiti dubu huɗu. Ana kuma danganta masa waƙoƙi da Hausa da Fulatanci domin amfanin waɗanda ba su jin Larabci, daga cikinsu akwai Waƙar Sira a kan tarihin Annabi (S.A.W).

Ƙwarewarsa a waƙoƙin Larabawa ita ce ta yi masa jagora a babban aikinsa na zube, wato tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, wanda ya kammala a 1231 (1816), aka buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan saboda masu ƙaramin ƙarfi a karatu.

Gwandu da ƙarshen rayuwa

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a 1232 (Afrilu 1817), aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Malam Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya. Ya koma Gwandu, aka yi 'yan shekaru akwai sanyin jiki tsakanin baffa da ɗa. Ba abin da za a ɓoye ba ne, domin su mutane ne, kuma yadda suka ƙare shi ya fi yadda ya fara muhimmanci. Lokacin da 'yan tawaye suka yi sansani a Kalambaina suka matsa wa Gwandu, wajen 1821, Bello ya taso da runduna ya kawo ɗauki, aka ci garin. Da suka haɗu a fili, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. A nan aka binne maganar. Akwai waƙar Hausa ta godiya a kan nasarar Kalambaina da ake danganta masa.

Bayan wannan ya saki mafi yawan harkokin mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya tashi a hannunsa, shi ma ya fito mawaƙi. Shi kuwa ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu. Rubuce-rubucensa na waɗannan shekaru sun fi karkata ga tasawwufi, da gyaran zuciya, da guzurin lahira. Yana daga abin da yake taɓa zuciya cewa a ƙarshen rayuwarsa ya koma kan wata manzuma da ya tsara tun yana saurayi, Minanul Mannan, ya yi mata sharhi da ya kira Shukrul Ihsan. Dattijo ya zauna yana karanta baitocin ƙuruciyarsa, yana fassara wa almajirai abin da yaron nan na Ɗagel yake nufi.

Ya rasu a Gwandu a farkon shekara ta 1245 (1829), yana da kimanin shekara 65, aka binne shi a can, kuma hubbarensa yana nan ana ziyartarsa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Malam Halilu, wanda ya shahara da tsentseni da gudun duniya. Mutumin da ya yi wa malamansa da abokansa marsiyya ɗaya bayan ɗaya, shi ma aka yi masa: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi tasa da Larabci, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi tata da Fulatanci.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da wanda ya yi bege bai samu isa ga raularsa ba, Sallallahu alaihi wa sallama. Amin.